Shekarar da Na Hana a Fesa Ɗakina

Kun taso kuna jin ana ce mini mai kiwon kyankyaso. Wasu kan faɗa da dariya a wurin suna ko biki, wasu kuma su faɗa suna satar kallona su ga ko zan ɓata rai. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin yadda aka yi ba, domin a lokacin Gwaggonku Hajiya Azumi tana da rai, kuma ban so ku riƙa yi mata wani irin kallo. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, ni ma gwiwoyina sun fara ƙin tsayuwar salla. Gara ku ji daga bakina. Abin da ake faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Na ajiye ƙwan kyankyaso a cikin kwalabe a ƙarƙashin gadona, da hannuna na ɗaure bakinsu, kuma da za a mayar da ni wancan lokaci da na sake yi. Amma ba kyankyaso nake kiwo ba.

Manyanku za su tuna gidanmu na unguwar Mamobi kafin a yi masa bene. Gidan gado ne na su Babanku, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, banɗaki can ƙarshe, bayan katanga kuma babbar kwatar nan da ke gangarowa daga unguwar Nima. Rabin ɗakunan dangi ne, rabi 'yan haya: Dagombawa, Zabarmawa, da wani tela Bakotokole. Kyankyasan gidan manya ne, jajaye, masu tashi sama. Idan aka yi ruwa kwata ta cika, sai su hauro ta kowace kafa, ka buɗe kabad su watse, ka ɗaga tabarma su watse, har cikin jakar allo nakan same su. Babanku direban babbar mota ne a lokacin, yana lodi a tashar Tudu zuwa Tamale da Bawku, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Saboda haka gidan a hannun yayarsa yake. Mijinta ya rasu ta dawo gida tana sayar da atamfa, kuma duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da abu biyu: ba ta barin maƙwabci ya kwana da yunwa, ba ta kuma son a ja da maganarta. Ni Amarya take kirana har na yi jikoki, ni kuma Yaya nake ce mata.

Akwai al'adar da gidan ya gada tun zamanin mahaifiyarsu. Duk goman ƙarshe na azumi Yaya takan kira mai feshi, ya zo da tankinsa a baya da ƙyalle a hanci. Kowa ya fito da kayansa tsakar gida, a fesa ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofofi, mu zauna a waje kamar masu ƙaura. Da yamma a buɗe a share gawarwaki, a tara su tsibi-tsibi. Yaya takan tsaya a kan tsibin tana riƙe da ƙugu, fuskarta kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Ba abin dariya ba ne a wurinta. A garin da ake kallonmu, mu mutanen Zango, a matsayin ƙazamai, ita burinta baƙon Salla ya shigo gidan ubanta ya tarar da shi fes. Na fahimci wannan tun a lokacin, kuma ina so ku ma ku fahimta.

Matsalar ita ce ƙirjin 'yar uwarku Safiya. Da fuka aka haife ta, abin da asibiti ke kira asma. A azumin da ya gabaci wanda nake ba ku labari, bayan an yi feshi mun bar ɗakin a buɗe ya sha iska, na wanke zannuwa, na shanya katifa. Duk da haka da muka koma ciki, washegari da la'asar ina daka yaji sai na ji wani sauti kamar ana busa ƙaramin usur. Na leƙa na tarar da ita zaune a ƙasa ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka, leɓenta ya sauya launi. Ba ta kuka, don ba ta da numfashin yin kukan. Na goya ta ba ko takalmi na fita titi, wani mai tasi ya sauke fasinjansa ya ɗauke mu. Sallar wannan shekara a asibiti muka yi ta. Da za a sallame mu likita ya ce in nisantar da ita daga maganin feshi da hayaƙin maganin sauro. Har na miƙe sai ya ƙara da cewa kyankyaso ma, kashinsa da ɓawon jikinsa, suna tayar da ciwon. Na fito ina tunanin yadda zan yi. In an fesa ta kwanta, in ba a fesa ba ta kwanta. A cikin trotro, motar haya, na yi ta istigfari har muka iso gida, don na ji zuciyata na neman yin ƙorafi ga Ubangiji.

To akwai wani ɗan ƙwaro da kowa ya sani a gidan, ba wanda ya san sunansa. Baƙi ne wuluk, bai kai ƙuda biyu ba, ƙafafunsa na baya dogaye, a ƙarshen jikinsa kuma wani ɗan abu a liƙe da siririn ƙugu, yana ɗaga shi yana saukewa ba hutawa. A jikin taga ko bangon banɗaki ake ganinsa. Mutanen gida sun ɗauka ɗan rina ne mai harbi, da an gan shi sai silifa. Ni ma na kashe da yawa. Safiya ce kawai, da yake ciwo ya hana ta guje-guje ta saba zama tana kallon abubuwa, ta sa masa suna 'yar tuta, ta kuma ce mini idanunta shuɗi ne. Na duba na ga gaskiyarta.

Wata safiya kun tafi makaranta na janye kabad zan share bayansa. Kun san jakar ƙwan kyankyaso, wannan abu mai kama da ƙwayar wake, ja-ja mai ƙyalli, da yake liƙawa a lungu. Na ga ɗaya, a kanta kuma ga 'yar tuta. Na ɗaga tsintsiya, sai na tsaya, don abin da take yi ya ba ni mamaki. Ta kwanta a gefenta ta rungume jakar da ƙafafu, tana danna ƙarshen jikinta a ciki. Na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi sanyi, har ruwan da na ɗora ya ƙone. Da ta gama ta goge jikinta ta yi tafiyarta. A sakandare muna da wani malamin kimiyya da yakan ce in ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka yi gardama, sa shi a kwalba ka jira. Na ɗauko kwalbar zuma da ta ƙare, na ɓamɓare jakar a hankali na sa, na yagi farin ƙyalle na rufe bakin don iska ta shiga, na ɗaure da baƙin zaren kitso, don shi ne a kusa. Na samo wata jakar daga bayan murhu na sa a wata kwalbar. Na tura su ƙarƙashin gado don kada yara su fasa.

Ta bayan murhu ce ta fara buɗewa. 'Ya'yan kyankyaso fari-fari suka cika gindin kwalba, na kasa ƙirga su. Ɗayar kuwa shiru, har na ɗauka ta lalace. Sai wata rana na jawo ta na ga ƙaramin rami zagayayye a jikin jakar, kamar an huda da ƙusa, a cikin kwalbar kuma 'yar tuta guda ɗaya tana kai da komo tana ɗaga tutarta. Ba ɗan kyankyaso ko ɗaya. Na zauna a bakin gado na ce Subhanallahi, na sake cewa. Abin da muke bi da silifa shekara da shekaru, ashe aiki yake mana.

Ban yarda da idona kaɗai ba. Akwai ƙawata ta sakandare, Adole, Bagaya ce, wato 'yar ƙabilar Ga, bencinmu ɗaya, ita ta ci gaba da karatu ta samu aiki a wani ofishin binciken noma. Na ɗauki kwalbar a cikin jaka na je wurinta. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce tun muna yara ta san zan ƙare da yawo da ƙwari a jaka. Sannan ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce dangin zanzaro ne, amma ba ya harbin mutum. Macen kan sa ƙwanta ɗaya a cikin jakar kyankyaso, tsutsarta ta cinye ƙwayayen da ke ciki duka, ta girma ta huda ta fito. Ta ce maganin feshi kan kashe manyan kyankyasai ya kashe 'yar tuta, amma sau da yawa ba ya ratsa ɓawon jakar, shi ya sa bayan ɗan lokaci ƙananan ke fitowa ba mai tare su. Ta koya mini in riƙa tara jakunkunan a faranti in bar su kwana kaɗan a inda 'yar tuta ke zuwa, sannan in rufe su a kwalba. Wadda ta fito da 'yar tuta in sake ta, wadda ta fito da kyankyasai in san yadda zan yi da su. Da zan tafi ta riƙe hannuna.

"Kada ki ɗora mata abin da ba za ta iya ba," in ji ta. "Ba za ta ƙarar da su ita kaɗai ba. Ki toshe ramuka, ki hana su ruwa, ki hana su abinci. Ita mai taimako ce, ba malamar tsibbu ba."

Haka na fara. Babanku ya kawo mini ɗan siminti na bi kowace tsaga ta bango na toshe. Ba kwanon da ke kwana ba a wanke ba, ba digon ruwa a ƙasa, gari da sukari duk a cikin roba mai murfi. Kwalabe suka yi yawa a ƙarƙashin gado. Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙananan kyankyasan nan, don ni ko kaza ban iya tsayawa a yanka a gabana. Ban so ƙona su ba. Sai na riƙa yin bisimilla in zazzage su gaban kajin maƙwabta, in ce aƙalla sun zama abincin wani. 'Yar tuta kuwa Safiya ce mai sakinta. Takan buɗe ƙyallen ta ce mata je ki yi aiki. Ban gaya wa kowa a gidan ba sai Babanku, shi ma dariya ya yi ya ce in dai ba za su hau masa gado ba.

Azumi ya zagayo. Wata la'asar muna tsakar gida kowa na haɗa kayan buɗa-baki, Yaya ta sanar cewa mai feshi zai zo Asabar. Na bari mata suka ragu, na matsa kusa da kujerarta na durƙusa. Na tuna mata abin da ya faru bara, na roƙe ta a tsallake ɗakina. Ba ta yi faɗa ba da farko. Ta ce in kai yarinyar wurin mahaifiyata a Sabon Zango ta yi kwana biyu, a fesa, a dawo da ita. Na ce bara ma an sha iska, warin yana zama a bango da katako. Ta ce to ni na san in aka bar ɗaki ɗaya, duk kyankyasan gidan can za su gudu su ɓuya, in magani ya huce su dawo wa mutane, kuɗin kowa ya tafi a banza. Maganarta gaskiya ce, kuma na san gaskiya ce. Na ce ina da wata hanya da nake gwadawa. Ta tambaye ni wace hanya. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara gaya wa Hajiya Azumi cewa ina renon ƙwari, sai na ce zan nuna mata. Ta ce Asabar dai tana nan.

Washegari na tafi kasuwa. A gidan ba a kulle ɗaki da rana. Yaya ta ga kamar nauyin kaya ne ke sa ni jan ƙafa, sai ta kira Mma Sanatu, 'yar haya mai sayar da koko, su taya ni fitar da su. Suka janye gado. Da na dawo na tarar da tsakar gida tsit. An jera kwalabena a tsakiya, da sanda aka turo su don ba wanda ya yarda ya taɓa, mata sun yi da'ira daga nesa, Mma Sanatu na ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai a lokacin na kalli kwalaben da idon wani: farin ƙyalle, baƙin zare an naɗa an ƙulla, wasu abubuwa ja-ja a ciki, kuma daga ƙarƙashin gadon miji. Ko ni ce na gani a ɗakin wata, abin da zan zata ke nan. Yaya tana tsaye, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Amarya, ƙanena kika ɗaure a ciki, ko ni?"

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba. Ni da ko laya ban yarda a rataya muku ba. Na ajiye kwandon cefane na fara bayani, amma duk abin da na faɗa sai ya ƙara zama kamar na mahaukaciya. Allah Ya sa Babanku ya sauka daga Bawku da hantsi yana barci a ɗakin ƙaninsa. Hayaniya ta tashe shi ya fito yana mitsittsike ido. Ya dubi kwalaben, ya dubi yayarsa, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Mma Sanatu ta ce Alhaji kada ka taɓa, shi zai kama ka. Ya ɗaga kwalbar sama ya ce shi ya sayo zumar da ke cikinta a Tamale, in akwai asiri to mai zuma za a tambaya. Ya warware zaren. Akwai 'yar tuta a ciki, ta fito ta hau bayan hannunsa tana ɗaga tuta, ya bar ta ta yi yawonta ta tashi. Ya zazzage jakunkunan a tafinsa ya nuna wa kowa. Aka gane ƙwan kyankyaso ne. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka tofar da yawu. Na ɗauka an gama. Yaya ba ta yi dariya ba.

"Da ma asirin ne," ta ce. "Asiri malam zai karya shi. Mace mai tara ƙwan kyankyaso a inda take kwana, da hannun da take tuƙa tuwo, wannan wa zai karya?"

Daren nan Babanku ya tambaye ni abu ɗaya, ko na tabbata. Na ce ban tabbata 'yar tuta za ta yi maganin kyankyaso ba, amma na tabbata feshi zai kwantar da Safiya, kuma ban san ko wannan karon za ta tashi ba. Yana da lodi ranar Asabar, ya bar wa wani direba. Ni na toshe tsakanin bango da rufi da tsummoki, na liƙe taga, na kwashi Safiya da kwalabena muka tafi Sabon Zango. Abin da ya faru a bayana Mma Sanatu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya jawo benci ya ajiye a bakin ƙofarmu tun safe, ya zauna da carbi, ga azumi ga rana. Mai feshi ya gama ɗakin da ke kusa ya iso gabansa. Yaya ta ce ya tashi. Ku tuna ita ta goye shi, bai taɓa musa mata ba ko a kan gishirin miya. Ya sunkuyar da kai ya ce, Yaya ki yi haƙuri, wannan ɗakin ba a shiga. Ta tsaya ta dube shi ta juya. Ina so ku riƙe wannan game da mahaifinku, don shi ba zai taɓa faɗa muku ba.

Abin da Yaya ta faɗa kuwa ya faru. Da muka dawo na buɗe ƙofa sai na ja da baya. Duk kyankyason da ya tsira a gidan yana ɗakina. A bango, a labule, a cikin takalma. Na mayar da Safiya wurin mahaifiyata, na dawo ni kaɗai na ɗaura ɗankwali a hanci. Na yi ta kama su da tsintsiya da bokitin ruwan sabulu, na goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙura ta tashi, na bi lungu-lungu ina ɓamɓare jakunkuna. Ina yi ina jin dariya daga tsakar gida, wata na cewa baƙin Amarya sun iso, a kai musu ruwa. Akwai ranar da na zauna a ƙasa da tsumma a hannu na ce ko dai in je in ba Yaya haƙuri a kira mai feshi. Abin da ya hana ni shi ne sautin usur ɗin nan, yana nan a kunnena.

Ranar Salla na dafa shinkafa da miyar kaza, na zuba a kwanon da ya fi kyau na aika wa Yaya kamar yadda aka saba. Kwanon ya dawo da murfinsa, ko cokali ba a sa ba. A gidan nan ni ce mai riƙe da tukunyar biki. In za a yi suna ko sadakar arba'in, ni ake tasa da asuba in auna shinkafa, ni ke ɗanɗana miya. Daga wannan shekara aka daina kirana. Da aka yi sunan ɗan ƙanin Babanku, aikin da aka ba ni shi ne jera kujeru. Na jera su, na goge kowace ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya fi maganar asiri yi mini ciwo, domin ita ta wuce a yini ɗaya, wannan kuwa ta zauna.

Amma Safiya ta je Idi da ƙafarta. Ta sa sabon leshi ruwan hoda ta bi 'yan uwanta gida-gida barka da Salla, ta dawo da yamma ƙafafu duk ƙura tana ƙirga alawa. Na sa kunne a bayanta kamar ina gyara mata zip, na ji iska na shiga tana fita ba wani sauti. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Kada in ƙara gishiri. Fukar ba ta warke ba, takan tashi in sanyin damina ya shigo, kuma abin shaƙarta bai bar jakata ba. Kyankyaso ma bai ƙare ba, gidan da ke bakin kwata ba ya rabuwa da shi. Amma a hankali suka ragu a ɗakina. Jakunkunan da nake samu suka zama da yawansu masu rami ne tun kafin in taɓa su, 'yar tuta ta riga ni. Kafin babbar Salla sauran ɗakunan sun sake cika da ƙanana kamar kowace shekara, ni kuwa sai in yi kwanaki ban ga ko ɗaya ba. Ban ce wa kowa komai ba. Wata rana da azahar Mma Sanatu ta shigo kamar mai aron wuƙa, ta zaro kwalin ashana daga ƙugunta ta ajiye mini. Jakunkuna ne cike. Ta ce jikanta ma yana tari in an yi feshi, in sa mata a kwalba, amma kada Hajiya ta ji. Daga ita sai matar tela. Silifa ta daina sauka a kan 'yar tuta a gidan, har yara kan yi wa baƙo tsawa in ya ɗaga hannu.

Da azumi ya sake zuwa na shirya wa wani faɗan. Mai feshi ya shigo da tankinsa. Yaya tana kan kujerarta tana ninke atamfa, ba ta ɗago ba ta nuna ɗakina da haɓa ta ce a tsallake wancan. Na zo wucewa na durƙusa na ce na gode, Yaya.

"Ba don ƙwarinki ba," in ji ta. "Don yarinyar."

"Ni ma don ita ne, Yaya."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, don ba duka maganarta ce kuskure ba. Ba ta sake cin abincin hannuna ba har ta koma ga Allah. Ta yi mini komai ban da wannan: ita ta zauna da ni a haihuwar autanku, ita ta saya mini akwatin da na tafi Makka da shi. Amma in na miƙa mata kwano sai ta ce ta ƙoshi.

Shekaru bayan haka Safiya ta sauke Alƙur'ani. Aka kafa rumfa a kan titi, aka jera ɗalibai, kowa za a ba shi wuri ya karanta a lasifika. Malaminsu ya buɗe mata wata doguwar aya, irin wadda manya ma sai sun yanka ta gida-gida. Ina cikin mata a baya. Ba karatun nake saurare ba, Allah Ya yafe mini, numfashinta nake bi. Ta ja iska ta fara, ta yi ta tafiya, ta wuce inda na zata za ta tsaya, ta wuce na biyu, muryar ba ta rawa, sai da ta kai inda ake tsayawa sannan ta tsaya. Maza suka yi kabbara. Na waiga don in ɓoye fuskata sai na ga Yaya a layin gaba. Ta tsufa a lokacin, da sanda take tafiya. Ta dafe ƙirjinta da hannu ɗaya, bakinta a buɗe, ashe ita ma ta riƙe nata numfashin tun da yarinyar ta fara. Sai da Safiya ta sauke sannan ta saki. Muka haɗa ido, ta gyaɗa mini kai sau ɗaya.

Shinkafar walimar ni na dafa ta, don 'yata ce, ba mai hana ni. Aka kai wa Yaya nata. Ta ce ta ƙoshi, amma a ƙulle mata a leda, za ta kai wa yara.